Malam Baɗi da Gonar Tungar Ashiru

Sunansa na yanka Haliru, amma in ka shiga Gwandu ka ce kana neman gidan su Malam Haliru, sai an tara maka dattawan unguwa ana gardama kafin a gane wanda kake nufi. Ka ce Malam Baɗi, ko akuyar da ke kwance a gindin katanga ta tashi ta nuna maka ƙofar. Mu taubasansa muka raɗa masa sunan, Allah kuma Ya sa wa sunan albarka har ya raka shi kabari. Dalili kuwa, shekara talatin da 'yan kai ya yi yana koyarwa a wani ɗan ƙauye na ƙasar Kalgo, Tungar Ashiru, can gefen Diggi, kuma duk sallar da ya zo gida aka tambaye shi yaushe zai dawo ya zauna cikin dangi, amsarsa ba ta canzawa: "Baɗi, in Allah Ya yarda. Bana ce ta ƙarshe."

Kuma ba yaudara yake yi ba. Da gaske yake son komawa gida, alkawari ma ya ɗauka.

Shi ne autan Inna Kulu. Dogo ne siriri, irin tsawon da in ya hau kekensa gwiwoyinsa kan yi gaisuwa da kunnuwansa. Murya kuwa Allah Ya ba shi ta mutum uku. In ya ce "a" a aji ɗaya, masunta a bakin gulbi su amsa "a", har kifi ya watse. Lokacin da ya gama makarantar horon malamai aka tura shi Tungar Ashiru, tun Kebbi ba ta zama jiha ba, Inna Kulu ta yi kuka kamar an ce za a kai shi bangon duniya. Mahaifinsa bai daɗe da rasuwa ba, ya bar masa wani ɗaki a cikin gida da aka fara ginawa ba a rufe ba. Haliru ya durƙusa gaban tsohuwa ya ce shekara ɗaya tak zai yi, ya nemi a mayar da shi Gwandu, ya rufe ɗakin nan ya zauna kusa da ita. Ta ce, "Auta, na ji. Allah na ji."

Abin da ya tarar a Tunga, makaranta ce ta aji biyu, ɗaya ba rufi, ɗayan kuma awaki sun riga kowa rajista. Yaran da ke zuwa ba su cika tabarma biyu ba. Ya kori awaki, ya hau keke, ya shiga bin gidaje. Ya je wurin masunta suna gyaran taru, ya zauna yana taya su yana ɓata musu aiki har suka ba shi 'ya'yansu don ya tashi. Ya je rugar Fulani, kare ya bi shi, ya hau bishiya da keken a kafaɗa, in ji waɗanda suka gani, daga saman bishiyar kuma ya ci gaba da yi wa mai ruga bayanin amfanin karatu. Kafin rani ya ƙare, ajin da ba rufi ma ya cika.

Yana da bulala, kowa ya san yana da ita, tana rataye bayan allo. Ranar da wani mai duba makarantu ya ciro ta, sai ta zube a hannunsa kamar gari, gara ta cinye ta tun tuni. Horon Malam daban ne. In yaro ya yi laifi, sai ya kira shi lokacin tara, ya zaunar da shi kusa da shi, ya dama furarsa, ya miƙa masa ludayi, ya zuba masa ido yana cewa a hankali, "Sha. Ba laihinka ba ne, ni nak kasa koya maka." Wallahi akwai ƙattin da yanzu suke da furfura, har gobe in sun tuna furar nan sai ta tsaya musu a wuya. Yara kan roƙe shi ya doke su a huta, ya ƙi.

To, shekara ta zagayo, ya nemi canji, aka ce masa an yarda, in an yi dogon hutu ya tattara ya koma Gwandu. Ya sayi akwatin ƙarfe a kasuwar Kalgo, ya fara shirya kaya, yana yawo yana ban kwana tun da sauran wata biyu. Labari ya kai kunnen Maigari Adamu, wanda a lokacin matashi ne, sabuwar sarauta, ga wayo kamar ya sayar.

Ruwan shuka ya sauka. Da safe Malam yana cikin aji sai ya ji kiɗan gayya a bayan makaranta. Ya leƙa, ya ga duk garin a wani fili, maza na sara da sungumi, mata da yara na bi suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Rabin ajinsa ma suna can. Ya fita da alli a hannu.

"Maigari, lahiya? Gonar wa aka shukawa har an kwashe mani yara?"

"Taka, Malam."

"Tawa? Ni ina da gona garin ga?"

"Tun jiya kana da ita. Munka ga baƙo ba ya zama cikinmu yana sayen hatsi da kwano, abin kunya gare mu."

"Maigari, ni da za ni tahiya in an yi hutu!"

Maigari ya dafe ƙirji. "Ashsha! Wallahi da mun tuna. To ga shi iri ya riga ya shiga ƙasa."

A nan ne gizon yake. Wanda bai san ƙauye ba zai ce mene ne a ciki, ya bar musu gonarsu ya kama hanya. Amma Haliru ɗan manomi ne. A gidansu, mutumin da aka yi wa shuka ya tsallake ta ya yi gaba, ya wulaƙanta abinci, ya wulaƙanta gumin mutane, har jikokinsa sai an yi musu gori. Bayan haka ita gayya ramawa ake yi. Duk wanda ya sara maka rami, in an zo noman gonarsa sai an gan ka, in an zo maimai sai an gan ka, ranar girbi kuma kai za ka ciyar da waɗanda suka ɗaure maka dami. Lokacin da aka yi dogon hutu gero ya kai ƙugu. Ya je ofis ya ce a ɗaga masa tafiya zuwa bayan girbi. Da aka gama girbi aka zuba a rumbu, an riga an koma makaranta, shi kuwa ko za a yanka shi ba ya barin aji a tsakiyar shekara, balle ga yara sun fara haɗa baƙi. Ya ce to, sai hutu mai zuwa. Kafin hutu mai zuwa, ruwa ya sauka, aka ji kiɗa a bayan makaranta.

Ka ji yadda aka yi da shi. Shekarar makaranta da shekarar gona ba su taɓa ƙarewa rana ɗaya ba, mutanen Tunga kuwa sun gane haka tun kafin shi mai ilimin ya gane.

Abin har ya zama kamar salla. Ranar shukar Malam, mata kan yi kitso, a dama fura tun asuba. Shi kuma yana da wata riga shuɗiya mai faɗin hannu da muke kira rigar faɗa, ita yake sakawa ya fito yana ɗaga hannuwa kamar shamuwa za ta tashi.

"Wanga zalunci har ina? Ku ji tsoron Allah! Ina da uwa, ina da dangi!"

"A yi haƙuri, Malam, mantuwa munka yi."

"Mantuwa kowace shekara?"

"Tsuhwa, Malam."

Sai ya gama faɗan tas, ya karɓi ƙwaryar fura ya shanye, ya tsaya yana nuna inda aka bar gibi.

A shekara ta uku aka aura masa Indo, 'yar garin Malisa, gajeruwa mai dariya a ciki. Ranar da aka kai ta ya ce mata kada ta wahalar da kanta da jere, ta bar rabin kwanoninta a ɗaure, baɗi za su koma. Ta bi maganarsa shekara biyu. Daga nan ta gane garin, sai ta riƙa ɗaure masa tsofaffin tukwane da fasassun ƙore a zane ta ajiye a lungu, duk lokacin da ya ga ƙullin hankalinsa ya kwanta, ya ce ita kam mace ce mai shiri.

Zaman gidansa shi ne abin da muka fi samun na tsokana a kai. Mutum ne da in Indo na da ciki, shi ke jan ruwa a rijiya, ya ɗauko tulu a kan keke ya biyo ta bayan gari wai kada a gani, alhali tsawonsa ya fi kowane darni a Tunga. An sha kama shi a bayan ɗaki yana wankin tsumman jariri, in an yi sallama sai ya zauna a kan bahon ya buɗe littafi. 'Yarsa ta fari Mubaraka, da yake ba ya kiran sunanta, Hedimasta yake ce mata, don tun tana rarrafe take ba da umarni, kuma shi ne na farkon bi. Sai Muzzammil, wanda ya ɗauko tsawon da muryar, sai ƙannensu. Ranar kasuwar Kalgo kuwa, aljihun Malam kan dawo kamar jakar mai koli: ƙuli-ƙuli, alewa, guntun rake, goron Indo a ɗaure daban cikin ganye. Yara su taru su yi masa caje a zaure yana ihu wai 'yan fashi sun tare shi. Bai taɓa cin tuwon dare shi kaɗai ba. Sai ya tara su a tabarma ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya koya ranar, har Indo, wadda a kan tabarmar nan ta iya karatun boko tana musun ba ta iya ba.

Duk wannan bai sa ya manta ɗakin Gwandu ba. Kowane rani sai ya zo ya taɓa wani abu. Bana ya ɗora kwano, baɗi ya sa ƙyaure, wata shekara ya yi daɓe, wata ya shafa farar ƙasa. Ɗakin ya yi kyau har amare na zuwa kallo, ba mai kwana ciki sai ƙadangaru.

Da Inna Kulu ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta ce ita za ta je ta ɗauko ɗanta da hannunta, ta ga wanda ya isa ya hana. Ta shiga mota da sandarta da ɗan ƙullin kaya na kwana biyu. Ta sauka Tunga ba ta amsa gaisuwar kowa ba. Matan gari suka yi shawara. Washegari wata ta shigo da kaza tana kwanci, wai gidansu muzuru ya dame ta, ko Inna za ta duba mata ita har ta ƙyanƙyashe. Inna, wadda duk Gwandu an san ba ta iya ganin dabba ta kau da kai, ta ce a ajiye. Kafin 'yan tsaki su yi fiffike, aka kawo akuya mai ciki riƙo. Kafin akuya ta yaye, matar mai ruga ta fara aiko mata da nono kullum safe suna hira da Fulatanci. Wadda ta je kwana biyu, sai da ta shekara tara. Mu kuwa muka samu abin faɗi, muka ce an aiki mai kamu an kama shi.

A Tunga ta cika, a can aka rufe ta. Amma kafin ta cika ta kama hannunsa ta ce, "Auta, ni na makara. Kai dai kada ka bar ɗakin ubanka ba kowa. Ka koma gida." Tun daga ranar, in ya ce baɗi, ba ya haɗawa da dariya. Mu ma muka rage tsokanar, ba mu daina ba dai.

Shekaru suka tafi. Makaranta ta zama aji shida da rufin kwano. Yaransa suka zama malaman asibiti, direbobi, masu ɗinki, malamai irinsa. In ya shiga kasuwar Kalgo, kafin ya kai rumfar masu goro hannunsa ya sage da gaisuwa. Gwiwoyin nan masu gaida kunnuwa suka fara ciwo, keke ya koma jingine a zaure. Sannan takardar ajiye aiki ta zo, a tsakiyar rani, babu aji a hannunsa, babu shuka a ƙasa. Karo na farko tun yana saurayi, ba abin da ya riƙe shi.

Yayansa Lawali, wanda shi ne babba a gidan Gwandu, ya san halin mutanen Tunga. Bai gaya wa Haliru ba, ya shirya ya je wurin Maigari Adamu, wanda yanzu ya tsufa har haƙoransa sun yi ƙaura sun bar goro shi kaɗai. Lawali ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, roƙo niz zo. Kun ci ƙuruciyarshi, mun yahe. Ku bar muna tsuhwanshi. Ga ciwon ƙahwa, ga alkawalin uwa bisa kainai. Bana kada a shuka."

Maigari ya gyaɗa kai. Ya ce, "Kana da gaskiya. Mun daɗe muna cin amanar Gwandu. Bana ba mu shukawa." Aka sa rana, Lawali zai zo da motar ɗaukar kaya ranar wata Asabar.

Ana saura 'yan kwanaki, ruwan shuka ya sauka, mai yawa, irin wanda ƙasa ke ƙamshi har cikin ɗaki. Da safe Malam ya yi wanka, ya ciro rigar faɗa daga cikin akwatin da ya riga ya shirya, ya saka, ya zauna a zaure yana gyaran murya. Ya ma tanadi sababbin maganganu, don faɗan bana zai fi na kullum, tunda har an sa ranar mota. Hantsi ya yi, bai ji kiɗa ba. Ya ce wataƙila makaɗin ne ba lafiya. Mutane suka riƙa wucewa da sungumi a kafaɗa, su gaishe shi da ladabi, su nufi gonakinsu. Rana ta take, ya ɗauki sanda ya taka zuwa bayan makaranta.

Gonar na nan kwance, jiƙaƙƙiya, baƙa, ko sawun kaza babu. Dama da hagu duk an shuka.

Ya dawo gida, ya cire rigar ya ninke, ya mayar cikin akwati. Ranar ba a ji muryarsa ba, har masunta suka aiko tambaya ko lafiya. Washegari ma haka. Mutumin da bai taɓa mayar da kwano da saura ba, aka ɗauke tuwonsa kamar yadda aka ajiye.

Da la'asar Indo ta same shi a tsakar gida yana kallon ƙullin tsofaffin tukwanen nan.

"Malam, hurar ga tun ɗazu take jiranka."

"Ba ni jin yunwa."

"Ciwon ƙahwar ne?"

Ya girgiza kai. Can ya ce, "Sun gaji da ni, Indo. Da ma aikin suka so. Aiki ya ƙare, ko rami guda ba wanda ya sara."

"Kai Malam, da iliminka. Wa ya gaji da kai? Yaya Lawali ya zo ya durƙusa ma Maigari, ya roƙa a sake ka. Jiya matar Maigari ta ce mani tsohon ko hita bai yi ba, wai ba ya iya ganin gonar."

Malam ya ɗago. "To," ya ce. "To ai shi ke nan. Abin da nike nema shekara da shekaru, na samu."

"Ka samu."

"Na samu."

Akuyar da ta fito daga zuriyar akuyar Inna ta zo ta sa baki a furar, ba wanda ya kore ta.

"Laimar ƙasar ga," in ji Malam, kamar da kansa yake magana, "in ta wuce gobe, ta tahi."

"Irin na cikin tukunyar bayan ɗaki," in ji Indo. "Ban ɗaure shi cikin kaya ba."

Ya dube ta da kyau, irin kallon da yake yi wa yaron da ya ba da amsa kafin a yi tambaya. Sannan fuskarsa ta sake faɗuwa. "Inna fa? Ɗakin Baba fa? Na riƙa hannunta, Indo."

"Ga Muzzammil can an ba shi koyarwa Gwandu, yana raɓe ɗakin abokai, ga aure bayan salla. Shi ba jinin Baba ba ne? Ɗaki mutum yaka so, mai sharewa, mai kunna wuta. Inna ta san kai ka ƙarasa shi. Ita kanta ina take kwance yanzu?"

Malam ya miƙa hannu. Ya jawo ƙwaryar, ya ture akuya, ya shanye abin da ta rage.

Da aka sallame sallar asuba, maimakon ya tsaya lazimi kamar kullum, sai ya sulale. Ya ɗauki sungumin maƙwabci da ke jingine, Indo na biye da ƙwaryar iri cikin mayafi, suka bi ta bayan gari, hanyar da yake bi da tulu a da. Shuka aikin mutum biyu ne, mai sara da mai zubawa. Shi kuwa Malam, duk shekarun nan noma ya iya, sara bai taɓa yi ba, kullum yi masa ake. Ga ciwon gwiwa. Layinsa ya tashi daga gabas, ya nufi kudu, ya yi tunani, ya dawo. Indo na bi tana zubawa tana rufewa, dariya na cin ta tana danne ta da bakin mayafi.

Wai su a ɓoye suke. Mutum mai tsawon Malam a fili fetal, gari ya waye! Duk Tunga ta gan su. Amma masu fitowa daga masallaci suka juya fuska suna duban sama kamar masu neman wata. Mata masu zuwa rijiya suka canza hanya. Wani mai jaki ya ja jakinsa ya koma gida ya jira. Aka bar tsoho da tsohuwa suka gama abinsu.

Hantsi na yi, sai ga Malam a ƙofar Maigari cikin rigar faɗa, muryar nan ta dawo har kaji na watsewa.

"Maigari! Wa yas shuka mani gona?"

Tsoho ya fito yana dogara sanda, jama'a suka taru. Ya dubi ƙafafun Malam, laka har ƙwauri. Ya dubi tafin hannunsa da ya yi bororo. Sannan ya dafe ƙirji, daidai inda ya dafe shekara talatin da suka wuce.

"Subhanallahi! An kuma?"

"An kuma! Ga mota na zuwa Asabar!"

"Yaran zamani, Malam, ba su jin magana. Na hana, na hana."

"Kuma shukar banza! Layi kamar tahiyar maciji!"

"Wallahi na gani, ko ɗan aji ɗaya ya hi haka. A yi haƙuri, yanzu in sa a bi a gyara."

"Kada wanda ya taɓa mani ita."

"To tahiyar fa, Malam?"

"Wace tahiya, iri na ƙasa? Sai baɗi."

Makaɗi, wanda ashe yana laɓe da gangarsa a bayan zaure, ya saki kiɗa. Waɗanda suke wurin sun ce Maigari dariya yake yi, amma gemunsa ya jiƙe.

Ranar Asabar muka zo da mota, mu da Lawali da Muzzammil. Lawali ya je ya ga gonar, ya ga layin, ya dawo bai ce komai ba sai "Allah Ya shirye ka, Haliru." Motar ta koma da akwatin ƙarfe da Muzzammil zaune a kansa. Yau ɗakin Gwandu har ya yi kaɗan, kukan jarirai ya kori ƙadangaru.

Malam ya ƙara damina huɗu a Tunga. Ba ya shiga aji, amma inuwar zaurensa ta fi wani ajin cika. Bara, gero na bununi, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana kaɗan, ya cika da rana tsaka, kansa a cinyar Hedimasta. An rufe shi kusa da Inna Kulu. Jama'ar da ta zo daga Kalgo da Diggi da Gwandu da rugage, in na faɗi yawanta za a ce halina ne na ƙari, don haka na bar wa waɗanda suka gani. Ɗalibansa suka girbe gonar, suka ɗaure, suka cika rumbun Indo.

Da ta fita takaba, Lawali ya aika ta shirya ta dawo cikin dangi. Ta ce ta ji, a dai bari jikarta Jidda da take riƙo ta gama aji shida. Lawali, da yake mutumin kirki ne ba ya koyon darasi, ya ce to, sai dogon hutu. Hutu ya yi muka ɗauki mota muka je. Tun daga bayan makaranta muka hango gero ya kai ƙugu, kore shar, layi a miƙe kamar an ja da igiya, sai guda ɗaya a gefen gabas da aka karkata da gangan, ya nufi kudu ya dawo.

Indo na tsaye a ƙofar gida da ƙwaryar fura, tana ta ba da haƙuri, wai mantuwa aka yi. Lawali ya cire hula ya zauna a kan dakalin ƙanensa, ya ce a miƙo masa ludayi.

Allah Ya jiƙan Malam Haliru, Ya sa inda ya je ya fi Gwandu da Tunga daɗin zama.